Rantsuwar Mayaƙi a Madina

Kafin a ba mutum makami a kan ɗaure shi da rantsuwa. To, in addininsa dabam ne da na shugabanni fa? Za a karɓe shi yadda yake, ko kuwa sai ya bar nasa tukuna? Wannan magana ta taso a Madina tun zamanin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

A shekara ta 622, gab da Hijira, maza 73 da mata 2 na Yasriba, watau Madina, suka sadu da Annabi a Aƙaba, kusa da Makka. Suka ɗauki alkawari za su tsare shi kamar iyalinsu. Wannan ita ce mubaya'a, abin da Hausawa kan ce caffa. Tushenta imani ne, sai Musulmi ke yinta.

Amma ba Musulmi kaɗai ke zaune a Madina ba, akwai Yahudawa. Saboda haka bayan Hijira aka rubuta takardar alkawari, wadda Ibn Ishaƙ ya kawo cikin littafinsa na tarihin Annabi. A ciki an bar wa kowane ɓangare addininsa. In an kawo wa garin hari, duka za su tashi tare, kowa da nasa guzuri. A nan alkawari ne ya ɗaure su, ba kalmar shahada ba. An ruwaito wani malamin Yahudawa, Mukhairiƙ, ya fita Yaƙin Uhudu a 625, ran Asabar, ranar hutunsu. Aka kashe shi a can. Gonakinsa bakwai da ya bar wa Annabi suka zama waƙafi.

Sai dai alkawarin bai daɗe ba. Aka fitar da Banu Ƙainuƙa'a daga garin a 624, Banu Nadir a 625. A 627, bayan Yaƙin Gwalalo, aka tuhumi Banu Ƙuraiza da cin amana, aka kashe mazansu.

Game da masu bautar gumaka kuwa, labari biyu ne. Imam Muslim ya ruwaito cewa a hanyar Badar, a 624, wani jarumi ya nemi bin runduna. Annabi ya tambaye shi ko ya ba da gaskiya, ya ce a'a, aka mai da shi. Sai a karo na uku, da ya amsa, aka karɓe shi. Amma a 630 Safwanu ɗan Umayya ya ba da aron sulke, ya kuma bi runduna zuwa Hunaini, tun bai musulunta ba.

Daga nan malamai suka rabu. Hanafiyya da Shafi'iyya sun yarda a nemi taimakon wanda ba Musulmi ba, bisa sharaɗi. Malikiyya, mazhabar ƙasar Hausa, sun fi tsanantawa, sun ce sai dai a aikin hidima.

Ba Musulmi kaɗai suka sha wannan gardama ba. A Ingila, dokar 1673 ta hana mutum zama hafsan soja sai ya karɓi jibin Cocin Ingila, ya kuma musanta koyarwar Katolika a kan jibin. Ba a kawar da wannan sharaɗi duka ba sai 1829.