Silik: ganyen miya da ake yanka ya sake tohowa

Yawancin iyalai a nan sansani sun saba da alayyafo, rama da zogale. Akwai wani ganye da ya cancanci gurbi a gefen matsuguninku. Larabawan Chadi da Sudan suna kiransa silik, a jikin ƙunshin irinsa kuma za ku ga an rubuta blette ko poirée da Faransanci. Yana da faɗin ganye da kauri a kara, fari ko ja, kuma duka biyun ana ci.

Abin da ya sa muke ba da shawararsa shi ne ba a tumɓuke shi. Ana yanke ganyen waje, a bar ƙananan na tsakiya, bayan mako ɗaya ko biyu a sake yanka. Gindi goma zuwa goma sha biyar sun isa su riƙa ba gida ɗaya ganyen miya har watanni. Yana kuma jure ruwa mai ɗan gishiri fiye da ganyaye da yawa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga masu ɗiba a rijiyar burtsatse.

Lokacinsa sanyi ne. Ku shuka daga Oktoba zuwa Disamba. Ku jiƙa irin ya kwana a ruwa, ku binne shi zurfin gaɓar yatsa ɗaya, da tazarar taƙi ɗaya da ɗan ƙari tsakanin rami da rami. Cikin kwana 7 zuwa 14 zai fito. Kada ku yi mamaki in kun ga tsiro biyu ko uku a wuri ɗaya, domin abin da ake gani kamar ƙwaya ɗaya tarin iri ne a dunƙule. Ku bar mafi ƙarfi, ku cire saura ku sa a miya. Mutane kan ji tausayin cirewa, sai duka su tashi a tsumbure. Wajen kwana 60 za a fara yanka.

Wanda ba shi da fili, buhu ya ishe shi: ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a huda gindin buhun. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona saiwa. Ruwan wankin shinkafa ko na alwala ya wadatar, safe da yamma, amma ban da ruwan omo da duk wanda ya biyo ta bayan gida.

In kun ga farin zane kamar hanya a cikin ganye, tsutsa ce ke ci daga ciki. Ku cire ganyen ku ƙona, ba sai da magani ba. Awaki da kaji kuwa, sai shinge. Idan bazara ta shigo, ku yi masa rumfar zana ku rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa.

Yana da sinadarin bitamin A da ƙarfen ƙara jini, abin da yara da masu ciki ke buƙata. Masu ciwon tsakuwar ƙoda dai su rage cinsa, su tambayi ma'aikatan asibiti.

Ku sani, a ƙasa mai zafi silik bai cika yin iri ba, sai ya sha sanyi mai tsanani kafin ya yi fure. Saboda haka kada ku shuka ƙunshin duka, ku adana rabi a kwalba mai murfi, a inuwa, don baɗi. Da damina kuma ku koma wa alayyafo, wanda irinsa yana hannunku.