TALLA TA SHIGA CIKIN WAYA: ABIN DA MANOMIN YAURI ZAI TSINTA

Lokacin rake ya zo. A fadamun ƙasar Matamaye ana sara, ana ɗauri, ana jiran mota. Kowane manomi ya san damuwar wannan lokaci. Rake in an sare shi ba ya jira. Kwana kaɗan ya fara bushewa, ruwansa ya ragu, zaƙinsa ya juya. Ɗan kasuwa shi ma ya san haka. Don haka yakan zo bakin gona ya yi tayin da ya ga dama, tun da ya san mai kaya bai ga wani mai saye ba sai shi.

Alhali a Damagaram da Agadas akwai masu neman rake. Akwai masu neman wake da riɗi da ragon layya irin na Yauri. Sai dai ba su san manomin ba, shi ma bai san su ba. Haɗa mai kaya da mai so shi ne aikin talla. Da can dillali ke yin sa, da mai shela ranar kasuwa, da yarinya mai faranti bisa kai. Yau talla ta shiga cikin wayar hannu, har ta zama babbar sana'a wadda ake kiran taro dominta.

Masu taron talla

A shekarar 1998 aka kafa kamfanin Google a Amurka. Aikinsa nema ne. Mutum ya rubuta abin da yake so, sai na'ura ta duba rubuce-rubucen da ke cikin intanet ta jero masa amsa. Kamar dillalin da ya san kowace rumfa ne. Amma mai nema ba ya da haƙuri. Abin da ya fito a sama shi yake dubawa, na ƙasa ba ya ko kai musu. Nan take ƴan kasuwa suka soma tambaya: yaya za a yi kayana su fito a sama?

Wannan tambaya ita ta haifi tarurruka. A 1999 aka yi wani mai suna Search Engine Strategies a birnin San Faransisko. A 2007 aka soma wani, SMX, a birnin Siyatil. Kafin nan Facebook ya fito a 2004, WhatsApp ya biyo a 2009. Su kuwa ba wurin nema ba ne, dandalin hira ne, kuma duk inda jama'a ke hira mai talla na nan. A 2013 taron masu wannan harka, Social Media Week, ya sauka Legas ta Najeriya. Mahalarta na taruwa suna sauraren gwanaye.

Wani zai ce ina ruwan manomi da taron masu kwat? Da ruwansa. Ba a biyan kuɗi don buɗe Facebook ko don nema a Google. To da me kamfanonin ke ci? Da talla. Kusan dukan kuɗin kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, daga talla suke fitowa. Idon mai kallo shi ne hajarsu. Wanda ya riƙe waya ya riga ya shiga kasuwar, ko ya sani ko bai sani ba.

A nan Nijar taron da ya fi kusa da manomi shi ne baje kolin noma da kiwo na SAHEL, wanda aka soma a Yamai a 2014. Ƙungiyar RECA, wato haɗin majalisun manoma na ƙasa, tana cikin masu shirya shi. Ita ce kuma ta buɗe layin waya da gungu-gungu na WhatsApp, inda manomi zai aika hoton ganyen da ƙwari suka ci, malamin gona ya ba shi amsa da Hausa. A irin waɗannan gungu manoma na tambayar juna iri da farashi.

Abin da ke sakewa

Abin da ake faɗa a tarurrukan nan yana sakewa shekara da shekara. Da farko rubutu ake yayi. Daga baya hoto. Yanzu gajeren bidiyo ne, irin na TikTok. Kamfanoni kuma sun gane mutane sun fi yarda da wanda suka sani, sai suke biyan masu farin jini su yaba kayansu. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maroƙi ya daɗe yana yin sa, sai dai shi ba ya ɓoye cewa an ba shi.

Abu biyu sun taimaki mutanen karkara. A 2013 WhatsApp ya kawo saƙon murya, sai wanda bai iya rubutu ba ya samu bakin magana. A 2017 ya kawo wurin liƙa hoto na kwana ɗaya, wanda waɗanda kuka ajiye lambar juna za su gani. Matan da ke yin ƙuliƙuli da man gyaɗa cikin gida sun samu rumfa ke nan ba tare da sun fita ba.

Amma a lura da wannan da kyau. Saƙon murya yana zuwa ga wanda aka aika wa ne kawai. A cikin gungu mai mutum ɗari, kafin la'asar wasu saƙonni sun binne shi. Ɗan kasuwar da ya buga kalmar "wake" a wurin nema ba zai ga muryar ba. Rubutu zai gani. Ko na'urorin zamani masu amsa tambaya, irin ChatGPT da ya fito a 2022, daga abin da mutane suka rubuta suke ɗebo amsa. Abin da ba a rubuta ba, da wuya a same shi. Ga amfanin makarantar yaƙi da jahilci a fili: wanda ya iya layi biyu ya fi maƙwabcinsa rumfa.

Yauri biyu ce

Ga wani abu da zai ba mutanen Yauri mamaki. Wanda ya rubuta "Yauri" kawai a Google, galibi Yauri ta jihar Kebbi a Najeriya za a nuna masa, wadda ke bakin kogin Kwara. Ita ce aka fi rubutawa a kanta. Ta Matamaye kuwa a takardun gwamnati "Yaouri" ake rubuta ta, da rubutun faransanci. Mai saye da ke Yamai in ya ga Yauri kaɗai yana iya zaton kayan na bayan iyaka ne, ya wuce. Don haka sai a cika suna: Yauri ta Matamaye, jihar Damagaram. In da wuri a ƙara "Yaouri". Gwanayen tarurrukan can suna kwana kan irin wannan magana, wato zaɓen kalmar da mai nema zai buga.

Haka ma kuɗi. Yauri ba ta da nisa da iyaka, mutane na cin kasuwar Mai'aduwa kamar yadda suke cin ta Matamaye. Jika ta sefa daban, dubu ta naira daban. Wanda ya rubuta farashi bai ce ko na wane kuɗi ba ne ya shuka rigima. Mudu ma haka: tiya ce ko buhu, kuma buhun tiya nawa ne? An ga amfanin sanin masu saye na cikin gida lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da kuma a 2023. Wanda bai san kowa ba sai ɗan kasuwar ƙetare ya sha wuya.

Hattara

Waya ba ta raba mai gaskiya da ɓarawo. Akwai masu turo saƙon ƙarya cewa sun aiko kuɗi, su ce a ɗora kaya a mota. Kada a ɗora sai an je wurin aiken kuɗi an karɓa a hannu, ko an duba asusu da ido. Akwai masu kira su ce a faɗa musu lambobin da suka shigo waya. Wanda ya faɗa, an ƙwace masa WhatsApp, a dinga roƙon danginsa kuɗi da sunansa. Mai kaya shi ma ya ji tsoron Allah. Kada ya ɗauki hoton rago mai ƙiba ya aika ramamme. A gungu labari ba ya kwana, sau ɗaya ya isa a daina amsa masa.

Dillali kuma bai mutu ba. Shi ke tsayawa shaida, shi ya san wanda ke biya da wanda ke cin bashi. Abin da ya sake shi ne manomi na iya jin farashin Damagaram tun kafin dillali ya buɗe baki. Hukumar SIMA na tattara farashin hatsi na kasuwannin ƙasa. Ɗan uwa da ke birni ma kira ɗaya ya ishe shi ya faɗa.

Ba kowa ke da babbar waya ba. Kuɗin mega na da nauyi, caji sai an biya, wani ƙauyen kuma sai an hau tudu ake samun rezo. Nan ƙungiyar manoma ke da aiki. Waya ɗaya ta isa mutum ashirin, in aka danƙa ta ga amintacce wanda ya iya rubutu. A tara kaya wuri ɗaya, don mai mota ba ya tasowa daga Damagaram saboda buhu biyu. A ɗauki hoto da safe cikin haske, a buɗe bakin buhu a ga ƙwayar. Sannan a rubuta ƙarƙashinsa kamar haka: "Farin wake na bana, buhu 30, a Yauri ta Matamaye, jihar Damagaram. Farashi da sefa. Mota na isa bakin sito." Sai a sa lambar sakataren ƙungiya, a kuma faɗi lokacin da yake kunna waya.