Haruffa Masu Rawa: Yaushe Suke Kyau, Yaushe Suke Ba Da Kunya?

Duk wanda ya zaga harabar makaranta lokacin zaɓen ƙungiyar ɗalibai ya ga fostoci masu rubutu kamar na hannu, harafi ɗaya ya karkata, wani ya yi tsalle. Wannan salon haruffa, wato font a bakin 'yan kwamfuta, sau da yawa da hannu ake fara zana shi, da alƙalami ko buroshi, sannan a shigar da shi kwamfuta.

Gane shi ba wuya. Haruffan ba sa zama daidai a kan layi, kaurin zanensu yana bambanta, kuma bakinsu a zagaye yake. A wasu ma ana zana harafi ɗaya iri biyu, don kada "a" biyu a kalma ɗaya su fito kamar tagwaye. Mu dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, masu fentin da ke rubutu a bayan manyan motoci da Keke Napep sun daɗe suna yin sa.

Wanda ya fi suna shi ne Comic Sans, da Vincent Connare ya zana wa Microsoft a 1994, yana kwaikwayon rubutun littattafan zanen barkwanci. A 2012, da masana a cibiyar CERN suka sanar da gano ƙwayar Higgs, an nuna wasu bayanan da wannan salon, mutane suka yi ta zolaya a intanet. Laifin ba na harafin ba ne, wurin ne bai dace da shi ba.

Aikinsa shi ne jawo ido daga nesa: kanun fosta, rigar 'yan aji, kwalin cincin, littafin yara. Kalma uku zuwa biyar sun isa. In ya yi yawa ido gajiya yake yi. Kada ka kuskura ka kai shi furojet, ko takardar neman aiki, balle sanarwar rasuwa.

Akwai kuma tarkon da ni kaina na faɗa. Yawancin masu zana waɗannan haruffa ba su sa ɓ, ɗ da ƙ a ciki ba. Da na haɗa fostar walimar sashenmu a CorelDRAW, duk inda ƙ take sai ɗan akwati ya fito. Mai shagon bugawa, don ya taimaka, ya mayar da ita k ba tare da ya tambaye ni ba. Ranar walima muka rataye "Muna maraba da manyan baki". Shugaban sashe ya tsaya ya karanta da ƙarfi, ya ce to ai ga su nan sun iso. Daga aljihuna na biya aka sake bugawa.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka zaɓi salo, fara rubuta "ɓera, ɗaki, ƙofa" da ƙanana da manyan haruffa ka gani. In sun fito lafiya, a buga maka kwafi ɗaya, ka manna a bango, ka ja da baya taku goma. Idan ka iya karantawa daga nan, sai ka biya kuɗin sauran.