Amosanin Gaɓɓai Na Yara: Sai An Auna Ake Sanin Inda Za A Gyara

A unguwar Majidaɗi ta garin Jalingo, kamar sauran wurare a ƙasar nan, da an ambaci amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi sai hankalin kowa ya koma kan tsofaffi. Alhali kuwa akwai irinsa da ke kama yara, har da waɗanda ba su daɗe da fara tafiya ba. Tun cikin 1897 wani likitan Landan mai suna George Still ya yi bayaninsa. A yau kuwa likitoci sun daidaita a kan cewa duk yaron da bai kai shekara 16 ba, gaɓarsa ta kumbura har mako 6 ba a gano wani dalili ba, to, wannan ciwo ake zato.

Ba sanyi ke kawo shi ba, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Garkuwar jikin yaron ce ke juyowa ta far wa gaɓoɓinsa. Yaro yakan tashi da safe gwiwa a sandare, yana ɗingishi, amma hantsi na yi sai ya warware. Wannan ne ke ruɗin iyaye, su ce ƙiwar makaranta ce. In abin ya ci tura a nufi maɗori ko wanzami, daga nan sai kemis, inda ake sayen ƙwayoyin kashe kumburi masu ƙarfi. Ƙwayoyin sukan kwantar da ciwon, amma in an daɗe ana sha ba da izinin likita ba, sukan kumbura fuska, su raunana ƙashi, su tsai da girman yaro.

Shi kansa likita aikinsa ba mai sauƙi ba ne. Dole ya fara tabbatar da cewa ba amosanin jini ba ne, watau sikila, ba tarin fuka na ƙashi ba ne, ba zazzaɓin nan ba ne da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro har ya taɓa zuciya, ba kuma ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓa ta tara mugunya ba, wadda ke bukatar magani nan take.

Jalingo ta zama hedkwatar Jihar Taraba cikin 1991, tana kuma da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jiha. Ashe ke nan asibiti bai yi wa yaron Majidaɗi nisa ba. Amma kusancin gini daban, ingancin kulawa daban. Yaya za a san ko yaro yana samun abin da ya kamata?

Cikin 2009 likitocin yara na birnin Jenowa a Italiya suka fito da wani ma'auni mai sauƙi, mai haɗa abu huɗu: makin da likita ya ba tsananin ciwon daga 0 zuwa 10, makin da iyaye suka ba lafiyar ɗansu, yawan gaɓoɓin da ciwon ke ci, da gwajin jini mai nuna ƙarfin kumburi. In aka rubuta jimlar a kowane zuwa, an ga ko magani na aiki ko a sauya. Uku daga cikin huɗun nan ba su bukatar kome sai hannu da ido da alƙalami.

Shi ma asibiti ana auna shi. Mako nawa yaro ya yi daga fara kumburi zuwa ganin likitan yara? An duba idanunsa? Wannan babban abu ne, domin ciwon yakan shiga ido a ɓoye, ba ja ba zafi, har ya kai ga makanta, saboda haka waɗansu yaran sai an duba su kowane wata 3. Wanda aka ɗora a kan metotireksat, maganin da ake sha sau ɗaya a mako, ana gwada jininsa da hantarsa a kan kari? Kwana nawa ya rasa a makaranta?

A Amurka asibitocin yara sun haɗa kai cikin 2011 suna gwama irin waɗannan lissafe-lissafe don koyi da juna. A Afirka, inda ƙwararrun wannan fanni ƙalilan ne, an kafa ƙungiyarsu cikin 2019. Abin da ya rage shi ne aikin ya sauko ƙasa: littafin rajista guda a sashen yara, malamin asibitin unguwa da ya san dokar mako 6 ya tura yaro gaba, da malamin makaranta mai lura da ɗingishin safe.

Gaɓar da ta lalace ba ta komawa yadda take, amma yaron da aka tara da wuri yakan yi gudu da tsaransa. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.