Kwana biyu a kan dutsen Aburi: mota ɗaya, kekuna shida da yaran zongo

Abin ya faro ne daga aji. Ina koyar da sassan bishiya, na zana rimi a allo, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Ticha, wannan katon icen da gaske akwai shi, ko na littafi ne?” Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi ba. Yaron shekararsa goma sha uku, a Nima aka haife shi, kuma gaskiya ya tambaya. Daga gidansu zuwa makaranta babu abin da yake gani sai kwano, siminti da kwata.

Da daddare na yi ta juya maganar. Sunan unguwanninmu ma, zongo, asalinsa wurin da ayari ke yada zango ne. Kakanninmu fatake ne, sun yi watanni a hanya da jakuna suna zuwa Salaga sayen goro. Yau jikokinsu ba su taɓa wuce Madina ba.

Da hutun Ista ya zo, 'yan makonni bayan ƙaramar Sallah, na yanke shawarar kai yara huɗu Aburi. Wani abokin karatuna tun kwalejin horar da malamai, Kirista ne ɗan Akuapem, yana koyarwa a can, ya ce farfajiyar gidansu tamu ce. Ya taɓa nuna mini hoton irin ɗakin nan mai taya da Turawa ke ja da mota idan za su hutu, da gado da murhu a ciki. Mu namu shi ne tsohuwar motar Kawuna da yake ɗaukar doya. Muka share ta, muka shimfiɗa tabarmi da katifu biyu, muka ɗaure kekuna shida a sama. Uku aro ne, biyu haya, ɗaya nawa.

Shawo kan iyaye ya fi neman kekunan wuya. Wata uwa ta ce mini, “Malam, yawon me? In kuɗi ne ya yi maka yawa, ka saya musu littafi.” Sai da na je gidan sau biyu. A ƙarshe ta ce, “To, amana ce. Yadda na ba ka shi, haka za ka dawo mini da shi.”

Mun tashi bayan Asuba. Daga Accra, ko Ankara kamar yadda muke faɗa a zongo, zuwa Aburi kusan kilomita 30 ne. Ana bi ta Madina da Adenta, sai a Ayi Mensah hanya ta fara hawa. Ranar Asabar ce, mutane birjik suna taka dutsen da ƙafa don motsa jiki. Da muka wuce Peduase, inda masaukin shugaban ƙasa yake tun zamanin Nkrumah, yaran suka waiga suka ga birnin a shimfiɗe can ƙasa. Ɗaya ya ce, “Kai! Ashe haka muke a cunkushe?” Iskar ma ta canza. Kawu ya rufe gilashi, wai sanyi.

An buɗe lambun Aburi a watan Maris na 1890, lokacin mulkin Ingila. Kafin nan, tun 1875, wurin jinya ne da shan iska na ma'aikatan Turawa da zafin bakin teku ya galabaitar. Mai kula da shi na farko, William Crowther, a lambun Kew na Landan ya samu horo. Faɗin filin ya haura hekta 60, amma kaɗan ne aka gyara ya zama lambu, sauran kurmi ne da aka bar shi yadda Allah ya yi shi.

Da shigarka, dogayen itatuwa masu kama da giginya ne jere dama da hagu, sumul kamar ginshiƙan masallaci. Amma ni rimi na zo nema. Da muka isa gindinsa, na kira mai tambayar nan na ce, “To, ga na littafin.” Bai ce komai ba. Ya shiga tsakanin saiwoyin da suka miƙe kamar bango, sun fi shi tsawo, ya ɗora tafin hannu a jikin icen ya daɗe. Mu shida muka kama hannu, ba mu zagaye shi ba.

Mai zagayawa da baƙi ya murza mana ganye ya ce mu shinshina: kirfa ce, wadda iyayenmu mata ke saye a ƙulle a kasuwa. Yaran ba su san ɓawon ice ba ce. Ya kuma nuna mana wata bishiya dangin ɓaure da ta tsiro a kan wata, ta sauko da saiwoyi ta shaƙe ta har ta mutu ta ruɓe, cikinta ya zama rami. Darasin da na sha wahalar bayyanawa da alli, ga shi yara suna leƙa cikinsa. Tsohon jirgi mai saukar ungulu da ke ajiye a filin kuwa, da kyar na raba su da shi.

Azahar ta same mu a ciki. Muka ɗauko buta, muka shimfiɗa tabarma a kan ciyawa. Na ga ɗaya daga cikin yaran yana waige-waige, yana jin nauyin mutane. Babu wanda ya ce mana uffan, wata mata ma janye 'ya'yanta ta yi daga gabanmu. Abinci kuma daga gida muka taho da shi: gari, shito, kifin gwangwani da wake da shinkafa. Wanda ya san zai shiga garin da bai san mahautansa ba, wannan ita ce dabara mafi sauƙi.

Da daddare aka yi ruwan farkon damina. Rufin motar Kawu ya nuna shekarunsa, muka kwana da kwano a tsakiya yana ɗis-ɗis.

Washegari muka hau kekuna zuwa Mampong, ta Obosomase da Tutu. Hanyar a kan doron dutse take, hawa da gangara, ayaba da rogo da kwakwar manja ta ko'ina, ƙasa tana ƙamshin ruwan jiya. A Mampong ne Tetteh Quarshie, maƙeri, ya shuka kokon da ya taho da shi daga tsibirin Fernando Po a 1879, kuma gonar tana nan ana ziyarta. Lambun Aburi ma ya taimaka wajen raba wa manoma iri. Yau Ghana ce ta biyu a duniya wajen noman koko, bayan Kodebuwa. Autanmu ya ɗauka daga wannan icen ake samun kokon da yake sha da ƙosai kowace safiya. Sai da aka fasa masa ɗan icen, wanda ke fitowa a jikin kututture, ya tsotsi farin abin da ke lulluɓe da ƙwayoyin, sannan ya yarda cewa nasa na gero ne.

A hanyar dawowa ne hankalina ya tashi. A wata gangara, birkin ɗaya daga cikin kekunan haya ya ƙi kamawa, kuma ɗan matar nan ne a kai. Ina gani ya wuce ni yana kiran “Ticha! Ticha!” Allah ya taimaka ya karkata cikin ciyawa maimakon bin kwalta. Gwiwa da gwiwar hannu suka kuje, ba karaya. Laifina ne. Na duba iskar taya, ban duba birki ba, kuma hular kwano biyu kawai muke da ita. Duk wanda zai yi irin wannan tafiya, ya gwada birkin kowane keke da hannunsa, ya samo wa kowa hula, babba ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma a gangara mai tsanani a sauka a tura.

Da muka koma Nima ni na kai shi gida da kaina, na faɗa wa mahaifiyarsa komai tun kafin ta ga bandejin. Ta yi shiru, ta duba ciwon, ta ce, “Malam, ba haka muka yi da kai ba.” Na ce gaskiya ne, Hajiya, a yi mini afuwa. Yaron kuwa bai bari mun gama ba, ya zaro wani busasshen ganyen kirfa daga aljihu yana tura mata a hanci.

Kuɗin mai, na shiga lambu da na hayar keke, mu uku manya muka haɗa, kuma bai kai abin da mukan kashe a ɗinkin Sallah ba. Da aka koma makaranta, yara goma sha ɗaya suka kawo sunansu don tafiya ta gaba. A cikinsu har da ƙanwar wanda ya faɗi. Uwar ce ta rako ta, ta tsaya a bakin ƙofar aji ta ce, “Wannan karon, birki tukuna.”