Shirun Damo Ba Lafiya Ba Ce

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Maganar ta dace da ɗan Adam, ta dace da doki da kare da biri, amma ta bar kada da kunkuru da maciji a baya. Fuskarsu ba ta motsi, galibinsu kuma ba sa kukan da zai tsayar da mai wucewa. Shi ya sa muka naɗa damo sarkin haƙuri, muka ɗauka duk inda aka ajiye shi da danginsa ya wadatar, ko ramin siminti ne ko akwatin katako. Ni a ganina shirun nan ya yaudare mu. Mai jan ciki yana koyo, yana tunawa, yana kuma shiga ƙunci, illa dai ba ya faɗa da harshen da muke ji.

Ba zato nake yi ba. A gidan namun daji na Washington, a Amurka, an taɓa yin wata kififiya irin ta kogin Nilu, wadda ake samu har a kogunanmu. Ta shafe shekaru ita kaɗai a tankin ruwa, har ta koma cizon jikinta tana yaƙushin kanta. Da masu kula da ita suka fara jefa mata ƙwallo da sanda da guntun tiyo, sai ta shiga turawa da ja da cizonsu, raunata kanta kuwa ya ragu ƙwarai. Masanin halayyar dabbobi Gordon Burghardt da abokan aikinsa suka rubuta labarin a 1996, suka kira abin da take yi wasa. A 2010 kuma Anna Wilkinson ta nuna cewa kunkuru na iya gane hanyar zagaye shinge ya kai ga abinci ta hanyar kallon ɗan uwansa kawai.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne na manyan kunkuran da aka horar a gidajen namun daji na Biyana da Zurik. An koya musu su bi sanda mai ƙwallo a kai su cije shi, a ba su ɗan abin marmari. Bayan shekara 9 aka dawo wa wasu daga cikinsu da sandar, suka taso suka nufe ta. Dabbar da muke yi wa dariyar nawa ke nan.

Mai karatu na iya cewa to, ina amfanin koya wa kunkuru bin sanda? Amfanin yana ranar da za a duba lafiyarsa ko a sauya masa wuri. Ɗauki kada. Yadda aka saba kama shi, ƙarti ne za su taru da igiya, a zarga masa a baki, a haye bayansa, yana birgima har ya gaji. Kokawar nan takan tara wani sinadari mai tsami a jininsa, kuma babban kada na iya mutuwa bayan an sake shi, ba tare da ko ƙwarzane a jikinsa ba. Masu kamun su ma ransu na kan siraɗi. Amma kadan da aka saba masa da bin sanda da amsa kira yakan shiga akwati da ƙafarsa, a auna shi, a ɗebi jini ta wutsiya, ya fito ya karɓi namansa. Horon ba ya cin kuɗi. Yana cin haƙuri da maimaici, da ma'aikacin da ba a sauya shi kowane wata.

Maciji shi ya fi kowa shan wahalar rashin fahimtarmu. Wasu masu wasa da shi a kasuwa sukan fasa masa haƙora, bakin ya ruɓe, ya daina cin abinci, ya mutu a hankali cikin jaka. Can Turai da Amurka kuma, inda ake kai ƙananan mesa masu yawa daga Ghana da Togo da Benin, 'yan kasuwa da dama na ajiye su a aljihun durowa, wurin da ba za su iya miƙewa ba. Alhali maciji idan ya samu fili yakan miƙe iya tsawonsa, ya hau reshe, ya shiga ruwa, ya nemi maɓoya.

Na fi damuwa da wanda ke kusa da mu, wato babban kunkurun Sahel, na uku a girma cikin kunkuran tudu na duniya, wanda asalinsa ya taso daga Senegal, ya ratsa Nijar da arewacin Najeriya har Sudan. Yana ƙarewa a daji, amma ga shi a gidajen masu hali ana ajiye shi don ƙawa. A dajinsa mahaƙi ne: yakan tona rami mai zurfi ya shige lokacin zafin bazara, domin jikinsa ba ya daidaita zafinsa da kansa kamar namu, sai dai ya bi rana ko ya guje mata. A tsakar gidan da aka shafe da siminti ba shi da wannan zaɓi. Za ka gan shi yana bin gindin katanga yana kai da kawo, yana ƙwarzar bango, mutanen gida na cewa yawo yake yi. Mafita yake nema. Ga kuma cimar da ake ba shi, ragowar tuwo da shinkafa da burodi, alhali cikinsa na ciyawa ne. Irin wannan ciyarwa na lalata ƙashi da ƙoƙon bayansa, musamman yana ƙarami. Wanda kuma aka kulle a ɗaki ba ya ganin rana, jikinsa ba ya iya amfani da sinadarin gina ƙashi, sai ƙoƙon ya yi laushi.

Duk wanda ya riga ya mallake shi, to ya sani ya ɗauki amanar da za ta iya wuce shekara 50. Ya ware masa gefen da ba siminti, ƙasar da zai iya tonawa, da inuwa a wani ɓangare da rana a wani. Ya binne masa faffaɗan kasko na ruwa mara zurfi wanda zai shiga ya fito da kansa. Ciyawar kuwa kada a tara masa ita wuri guda. A warwatsa ta, yau nan gobe can, ya taka ya nema. A hana yara hawa bayansa ko kifar da shi, domin huhunsa a saman ƙoƙon yake, idan aka birkice shi kayan ciki kan danne shi, a rana mai zafi kuwa zai iya mutuwa kafin a ankara.