Gyaran babbar jijiyar ƙirji cikin gaggawa: wuƙa ko faci ta ciki?



A cikin ƙirjin kowannenmu akwai jijiyar jini da kaurinta ya kusa na tiyon ban ruwa. Likitoci na kiranta awota. Daga zuciya take fitowa, ta haura sama kaɗan, ta lanƙwashe kamar kan sandar tsoho, sannan ta gangara ta gefen ƙashin baya zuwa ciki. Duk jinin da zuciya ke turawa sassan jiki ta nan yake bi, shi ya sa idan ta fashe ba a ɗaukar lokaci.

Hawan jini na shekara da shekaru kan raunana bangonta, ko dai ta kumbura har ta fashe, ko fatar cikinta ta tsage jini ya kutsa tsakani, kamar yadda shafin riga ke rabuwa da riga. Sai kuma haɗarin mota, inda jiki ke tsayawa cak, jijiyar ta fizgu ta yage. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1958 ya gano cewa kusan 85 cikin 100 na masu irin wannan rauni ba sa kaiwa asibiti da rai. Zancenmu na yau a kan ragowar da suka kai ne.

Tsohuwar hanya ita ce wuƙa. A tsaga ƙirji ta tsakanin haƙarƙarin hagu, a danne jijiyar sama da ƙasa, a yanke wurin da ya lalace, a ɗinka bututun yadi a madadinsa. Michael DeBakey da Denton Cooley ne suka yi fice a wannan aiki a birnin Houston tun shekarun 1950. Aiki ne mai ƙarko, amma jiki na shan wuya. Yayin da aka danne jijiyar, jini na iya yankewa ga laka, mutum ya farfaɗo ƙafafunsa sun shanye.

Sabuwar hanyar kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci zai gane ta. Ana ɗan tsaga matsematsi, a zura siririyar waya cikin jijiyar cinya, likita na kallon hoto a allo har ta isa ƙirji. Sai a saki wani bututun yadi mai ragar ƙarfe, ya buɗe ya manne da bango, ya toshe ɓarakar daga ciki. Nikolai Volodos ne ya fara yin haka a Kharkiv ta Yukren a 1987, sai dai duniya ba ta ji labari da wuri ba. Sai da Michael Dake da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford suka wallafa sakamakon marasa lafiya 13 a 1994 hankali ya karkato. A 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar farko.

To, wanne ya fi ceton rai? A 2008 ƙungiyar likitocin tiyatar rauni ta Amurka ta fitar da bincike kan mutum 193 da jijiyarsu ta yage. Cikin 68 da aka buɗe wa ƙirji, kusan 24 cikin 100 sun rasu. Cikin 125 da aka yi wa faci ta ciki, kimanin 7 cikin 100 ne. A 2010 an tattara rahotanni kan waɗanda kumburin jijiyarsu ya fashe, aka ga mace-mace cikin kwana 30 sun kai 33 cikin 100 a hanyar wuƙa, 19 cikin 100 a hanyar faci.

Sai dai a yi hattara da waɗannan alƙaluma. Ba ƙuri'a aka jefa wajen raba marasa lafiyar ba, likita ne ya dubi kowa ya zaɓa masa. Wanda jini ke kwarara sosai, ko jijiyarsa ba ta da wurin da bututu zai kama, shi ne sau da yawa ake garzayawa da shi ƙarƙashin wuƙa, ka ga dole lissafin wuƙa ya yi nauyi. Kuma faci yana da nasa bashi. A binciken 2008 ɗin nan, kusan mutum ɗaya cikin biyar ya samu matsala da na'urar, galibi yoyon jini ta gefe. Wayar na iya ɓallo daskararren kitse ya tafi ƙwaƙwalwa, a samu shanyewar ɓarin jiki. Sannan sai an riƙa komawa ɗaukar hoto har ƙarshen rayuwa. Ga dattijo ɗan shekara 75 wannan ba wani abu ba ne. Ga matashi ɗan shekara 20 da ya faɗi a babur, tafiya ce mai nisa da ƙarfe a ƙirji.

Akwai kuma inda faci bai karɓe ragama ba har yanzu, wato ɓangaren da ke haurawa daga bakin zuciya. Idan can ne ya tsage, buɗe ƙirji da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu shi ne abin yi, kuma cikin gaggawa, don kowace sa'a da ta wuce haɗarin mutuwa ƙaruwa yake.

Abin mamaki, irin wannan tsagewar ce ta kama DeBakey kansa a ƙarshen 2005. Da fari ya ƙi yarda a taɓa shi. A watan Fabrairun 2006, yana da shekara 97, almajiransa suka buɗe masa ƙirji, suka yi masa irin aikin da shi ya koyar da su. Ya tashi, ya koma ofis, ya rayu har watan Yulin 2008.